Jiri, Gishiri da Fura: Tarihin Saukar Jini a Kwarin Maraɗi

A gidajenmu na Maraɗi, in aka ce wance tana da tansiyo, ba mai neman ƙarin bayani. Kowa ya san hawan jini ake nufi, nan da nan kuma shawara za ta fara zuba: a rage gishiri, a bar maiƙo, a daina sa damuwa a rai, a dinga shan zoɓo. Kalmar daga Faransanci muka aro ta, sai dai rabinta muka ɗauko. Tansiyo yana hawa, yana kuma sauka, kuma a ganina, a ƙasa mai rana irin tamu saukar ta daɗe tana kayar da mutane kafin hawan ya zama zancen kowa. Abin mamaki, har yau ba ta da tsayayyen suna. Wani ya ce jiri, wani ya ce juwa, wata ta ce jininta ne ya ƙare, wani ya ce rana ta buge shi, in abin ya kai ga faɗuwa kuma a shiga zancen iska. Abin da na fahimta bayan na bi sawun al'amarin shi ne, yawancin saukar jinin da muke gani a nan labarin ruwa ne da gishiri da suka fita daga jiki ba a mayar da su ba. Kakanninmu ba su da na'urar awo, amma cimarsu ta yau da kullum tana yin wannan aiki na mayarwa. Sun dace a wurare da yawa, sun kuma bar mana wasu al'adu da ya kamata a sake dubawa.

Shi awon kansa ba tsoho ba ne. A 1733 wani malamin coci ɗan Ingila, Stephen Hales, ya buga labarin yadda ya ɗaure goɗiya, ya sa dogon bututun gilashi a jijiyarta, jini ya haura cikin bututun fiye da mita biyu. Wannan ne karon farko da aka ga ƙarfin turin jini da ido, amma wa zai yarda a yi masa irin na goɗiyar? Sai a 1896 wani likitan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya fito da ɗamarar nan da ake naɗawa a dantse a hura mata iska. A 1905 kuma likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya gano cewa in aka kasa kunne a jijiya ana sassauta iskar, za a ji ƙwanƙwasa ta fara, can kuma ta ɗauke. Inda ta fara ita ce lambar sama, inda ta ɗauke lambar ƙasa. Mu nan, bisa ƙidayar Faransawa, majo zai ce maka sha biyu da takwas. Ka tsallaka Jibiya ko Katsina a ce maka 120 bisa 80. Abu ɗaya ne, sifiri ne kawai bambancin. Ana cewa jini ya sauka in ya gaza tara da shida, amma akwai mutane da yawa, musamman ƴan mata da sirara da masu motsa jiki, da nasu yake nan wajen tara da shida tun fil azal kuma lafiyarsu lau. Wannan ba cuta ba ce. Ana damuwa ne in saukar ta zo da jiri, da duhun gani, da kasala, ko suma.

A shekarar 1905 ɗin nan dai Faransawa suka kafa hukumar duba lafiyar talakawan da suke mulka a Afirka ta Yamma, a 1918 suka buɗe makarantar likitoci a Dakar. To amma hankalinsu yana kan cututtukan da ke yaɗuwa, irin su agana da sanƙarau da kuturta da ciwon barci, waɗanda ke rage masu biyan haraji da masu aikin tilas. Ɗamarar awo ta zauna a likitar manyan garuruwa, mutanen karkara kuwa suka ci gaba da fassara jirinsu yadda suka gada.

Wanda ya taɓa aiki a gonakin ban-ruwa na Jiratawa ba zai sha wahalar gane yadda jini ke sauka ba. An gina wurin a farkon shekarun 1980, faɗinsa wajen hekta ɗari biyar, kuma ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa injunan lantarki ke jawo shi su zuba a kanal, kanal ta raba wa fangali-fangali. Kowane manomi a can ya san hanyoyi uku da ruwa ke kasa isa gonar ƙarshe. Ko dai rijiyar ta ja baya, ko injin ya yi rauni, ko kuma an buɗe ƙofofi duka a lokaci guda, ruwan ya watsu ba ƙarfi. Jikin mutum haka yake. Jini shi ne ruwan, baligi yana da wajen lita biyar. Zuciya ita ce injin. Jijiyoyi su ne kanal, kuma suna iya tsukewa su buɗe. Zawo da amai da zufa da zubar jini suna rage ruwan. Ciwon zuciya yana raunana injin. Zafin rana, da juna biyu a watannin tsakiya, da zazzaɓi mai tsanani da ya shiga jini, da wasu magunguna, suna buɗe ƙofofin. Ƙwaƙwalwa kuwa ita ce gonar da ke kan tudu, ita ce farkon rasa ruwa. Da ka miƙe tsaye, wajen rabin lita na jini ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki, in jiki bai yi saurin tsuke jijiyoyi ba sai ka ga gari yana juyawa.

Nan ne ya kamata a raba abu biyu da muke haɗawa a baki. Ƙarancin jini, wanda ake dubawa a fatar ido da tafin hannu, ba shi ne saukar jini ba. A ƙarancin jini ruwan yana nan cikin kanal, ya tsinke ne kamar kunun da aka cika wa ruwa. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa, da rashin nama da ganye, su ke kawo shi. Yana sa jiri shi ma, kuma sau da yawa su biyun suna haɗuwa a jikin mace ɗaya, amma maganinsu daban.

Mu koma baya. Maraɗi da Tsibiri, waɗanda suka rasa gadon sarauta ne suka mai da su birane. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa ta Gobir a 1808. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuma Gobirawa ƙarƙashin Sarki Mayaƙi suka zauna a Tsibiri. Dukansu bakin Gulbin Maraɗi suka zaɓa, inda kurmi ke ba da kariya daga mahaya dawaki, ruwa kuma yana kusa da hannu. A cikin kwarin tsohon gari ya zauna har ambaliyar 1945 ta cinye shi, Faransawa suka hau da mutane kan tudu suka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Littattafan tarihi sun cika da sarakuna da hare-hare, amma yawancin mutanen kwarin manoman gero ne, kuma babban yaƙinsu da rana ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin sassabe da sharar gona, zafi yana wuce digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, kuma zufa ba ruwa zalla ba ce, duk wanda ya ga farin zane a bayan rigar manomi ya ga gishirin da ya fita.

Me ya hana su zubewa a kunya? Fura. Ni dai ban ga abin da ya kai ta dacewa da wannan ƙasa ba. Ba a cin ta, shan ta ake yi, ana damawa ana ƙara ruwa, daga hantsi har la'asar ƙwarya tana gindin itace. Ruwa yana shiga kaɗan-kaɗan tare da gero da nono, ba a cika ciki lokaci guda ba, ba a kuma bar shi wayam ba. Da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da daddawa da gishiri da ɗan kanwa, su mayar da abin da zufa ta kwashe. Baƙo in ya sauka, kafin a tambaye shi labari sai an miƙa masa ruwa ko farau-farau. Muna kiran wannan karamci, kuma karamcin ne, amma mutumin da ya yini yana tafiya a rana abin da jijiyoyinsa ke nema ke nan.

Gishirin kuwa ba a kwarin yake ba, daga nesa ake kawo shi. Kowace shekara bayan damina ayarin Abzinawa yana ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, ya ɗauko kantu da beza, ya gangaro ƙasar Hausa ya musanya da gero. Bature matafiyi Heinrich Barth da irin wannan ayari ya fito daga Abzin, ya iso Tasawa a Janairun 1851, ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina. Daga gabas, ƙasar Manga da bakin tafkin Cadi, manda da kanwa ke zuwa. Wanda bai da abin saye ya ƙona karan gero ya tace toka. Ka duba wahalar: makonni a bayan raƙumi cikin rairayi saboda abin da yau muke saye a bakin titi. Mutane ba sa yin irin wannan tafiya don daɗin baki kawai. Makiyaya ma sun san haka game da dabbobinsu, shi ya sa har gobe suke kora su Ingal a ƙarshen damina su lashi ƙasa mai gishiri. Goron da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja shi ma yana da nasa aiki, don sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana ɗan ɗaga jini na ɗan lokaci. Tsohon da ya ce sai ya tauna goro kansa ke daidaita ba ƙarya yake ba, sai dai goro ba ya maye gurbin ruwa.

Inda al'ada ta saɓa da abin da awo ya nuna daga baya, na farko shi ne ƙaho. A tsohon tunani jini yana iya yin yawa ko ya mutu a wuri ɗaya, sai wanzami ya tsaga ya zuƙe baƙin jinin. Ba zan shiga gardamar amfanin ƙaho ga ciwon baya ko na gaɓoɓi ba, wanzamai suna da masu yaba su. Amma ciwon kai da nauyin ƙeya da jiri suna zuwa wa mai hawan jini, suna kuma zuwa wa wanda nasa ya sauka, ido ba ya rarrabewa. Macen da ta haihu bara, tana shayarwa, fatar idonta fari fat, a ce za a rage mata jini saboda juwa, wannan ɗiban ruwa ne daga rijiyar da ta riga ta ja baya.

Na biyu ya fi wuyar magana, don ya shafi iyayenmu mata: jego. Kwana arba'in na wankan ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa, a wasu wurare har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Akwai hikima a ciki. Mace tana zubar da jini wajen haihuwa, har kusan rabin lita ana ɗaukarsa daidai, kuma tana buƙatar ruwa da abinci mai ɗumi da hutu, ga nono da za ta samar. Kunu yana ba ta wannan. Matsalar yawan kanwar ce, don kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi ɗaruruwan mata masu jego da suka zo da kumburi da haki da kasa kwanciya, zuciyarsu ta gaza, kuma suka danganta abin da yawan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna ba kanwa kaɗai ce ba, akwai talauci da rashin wasu sinadarai a abinci. Duk da haka darasin Jiratawa yana nan: in injin ne ya yi rauni, ƙara ruwa a kanal ba ya kai shi gonar tudu, ambaliya yake yi a kwari. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura tana haki, ko da awo ya nuna jininta ya sauka, ba gishiri take buƙata ba, likita take buƙata a ranar. Shi ma ruwan wankan in ya cika zafi yana buɗe jijiyoyi, shi ya sa ake samun mai jego ta yanke jiki ta faɗi a bayan ɗaki.

Cutar da ta koya wa duniya wannan lissafi na ruwa da gishiri ita ce kwalara. Mai ita yana iya zubar da lita guda cikin awa, idanu su faɗa, fata ta yamutse, a nemi bugun jijiya a wuyan hannu a rasa. Yawanci saukar jini ce ke kashe shi. Lokacin da ta shiga Ingila a 1831, likitocin can ma jini suke tsaga wa marasa lafiya, ka ga ba wanzamanmu kaɗai ba ne. Wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu cutar ya ga ruwa da gishiri ne suka ƙare. A 1832 Thomas Latta a Sikotilan ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar waɗanda suka kusa cikawa, wasu suka farfaɗo. Asalin ƙarin ruwan da muke gani rataye a likita ke nan. Amma ƙarin ruwa yana son allura da kwalba da gwani. A shekarun 1960 aka tabbatar cewa hanji yana zuƙar gishiri da ruwa in akwai ɗan sukari tare da su, ko da ana cikin zawo. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, kwalaben ƙarin ruwa suka ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa aka dama gishiri da sukari a ganguna, dangi suna ba marasa lafiyarsu da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

A daidai wannan lokaci cutar ta iso gare mu. Ta sauka Gine a 1970, a 1971 tana cikin Nijar, kuma tun daga nan takan dawo. Ta 2018 daga gundumar Madarunfa ta fara a watan Yuli, inda Jiratawa take, ta kama fiye da mutum dubu uku a ƙasar. Abin da ba kowa ya sani ba, jihar Maraɗi tana cikin wuraren farko a Afirka ta Yamma da aka gwada koya wa mutanen ƙauye aikin lafiya. Tun shekarun 1960 ake zaɓen mutum a gari a ba shi horo na ƴan kwanaki da akwatin magani, a kuma horar da ungozomomi, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da wannan manufar duniya. Ta irin waɗannan hannaye, da rediyo, da ɗakunan shan magani na ƙauyuka da aka yawaita daga 2001, ruwan gishiri da sukari ya shiga gidaje. Ƙullin SRO ya fi, don an auna komai. In babu shi, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Kunu mai ruwa-ruwa da aka sa wa ɗan gishiri shi ma yana cikin abin da likitoci suka yarda da shi, wato an zagayo an dawo kusa da ƙwaryar kaka.

Yunwa ma tana saukar da jini, kuma kwarin nan ya san ta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973 da 1974, El Buhari ta 1984, sai 2005 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi yara fiye da dubu sittin masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. Jikin da ya rame zuciyarsa ma ta rame. Shi ya sa yaro mai tamowa in yana zawo ba a dama masa ruwan gishiri a gida yadda aka ga dama, akwai nasa haɗin mai ƙarancin gishiri da ake ba shi a likita a hankali.

Daga zamanin gyaɗa zuwa yau garin ya canza, cuta ma ta canza. Kasuwanci ya buɗe, alhazai suka yi gidaje, kabu-kabu ya maye gurbin tafiyar ƙasa, dunƙulen Maggi ya shiga kowace tukunya, gishirin da ake ratsa Tenere dominsa ya zama abin da likita ke roƙon a rage. Hawan jini ya yawaita da gaske, yana shanye ɓarin jiki, yana kashe ƙoda, kuma daidai ne da aka tsorata mutane da shi. Sai dai tsoron ya haifi sabon kuskure: duk jiri tansiyo ne, duk tansiyo kuma hawa ne. Ƙwayoyin saukar da jini suna nan a faranti a kasuwa tare da na ciwon kai, ba awo ba takarda. Har da masu sa fitsari, waɗanda aikinsu ke nan su fitar da ruwa da gishiri daga jiki. Zoɓo, an gwada an ga yana ɗan rage hawan jini. Zogalen da Jiratawa ta yi suna da shi abinci ne mai kyau, ganyensa yana taimakon mai ƙarancin jini, amma an mai da shi maganin tansiyo ana dafawa ana shan ruwan kofi-kofi ba tare da an san tansiyon wane iri ne ba.

Wata goggona a Tsibiri ta yi wata guda tana fama da juwa a bazara. Maƙwabciyarta mai hawan jini ta raba mata ƙwayoyinta don tausayi, ita kuma ta daina sa gishiri a miya, ta kama shan zoɓo ba sukari. Ranar da ta faɗi a bakin murhu aka kai ta likita, awo ya nuna takwas da biyar. Majo ya juya ƙwayar a hannunsa ya ce, "Inna, wa ya ba ki wanga magani?" Ta ce, "Maƙwabciyata ta, ɗana. Ita ma juwa taka yi, ta ce da ta sha ta ji dama." Ya ce, "To Inna, naki ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Ki aje wanga. Ki sha hura, ki sha ruwa, ki maida gishirinki cikin miya, jibi ki komo in sake awo." Da ta koma ya kai sha ɗaya da bakwai. Ba a rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba.

Saboda haka abin farko awo ne, kuma awo biyu. A auna mutum yana kwance bayan ya huta minti biyar, a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye minti ɗaya zuwa uku. In lambar sama ta faɗi da biyu, wato 20 a ƙidayar Najeriya, ko ta ƙasa ta faɗi da ɗaya, to jirin tashi tsaye ne. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ko na zuciya da ya ga haka, kada ya yanke maganin da kansa, ya koma wa wanda ya rubuta masa a gyara, don sau da yawa adadin da ya dace da sanyi yana yin yawa a bazara. Wanda ba ya shan komai, kuma ba shi da ciwon zuciya ko na ƙoda, dabarunsa ba su da tsada. Ya sha ruwa tun kafin ƙishirwa, ya duba fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi kaɗan. Kofi biyu na ruwa a shanye lokaci guda suna ɗaga jini cikin ƴan mintoci, musamman ga tsofaffi, don haka yana da kyau a sha kafin a sauko daga gado. Kada a zabura daga kwance, a zauna tukuna, a motsa ƙafafu. Tsohon da jiri ke kama shi bayan ya cika ciki da tuwo ya rage loma ya ƙara yawan lokutan ci, don jini yana taruwa a hanji bayan babban abinci. Mai juna biyu ta kwanta a gefen hagu maimakon rigingine, gishiri kuwa kada ta ƙara sai da izinin masu awon ciki, don nata yana iya juyewa ya hau a watannin ƙarshe.

Mu ɗalibai mun san masu faɗuwa a layin tuta da safe, yawanci waɗanda suka fito ba su karya ba aka tsayar da su a rana. In ka ji abin yana zuwa, gani ya fara dushewa, kunne yana ƙara, ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi, ko ka tsuguna kamar mai ɗaure takalmi. In wani ya faɗi, a bar shi kwance a inuwa a ɗaga ƙafafunsa, kada a tayar da shi zaune, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki sai ya farfaɗo sosai. Yawanci cikin minti ɗaya ko biyu yake dawowa. Wanda bai dawo ba, ko mai ciwon ƙirji, ko mai baƙin kashi kamar kwalta, ko macen da jini ke zuba bayan haihuwa ko ɓari, ko mai ciwon mara mai tsanani da al'adarta ta ɗauke, ko mai zazzaɓi da jikinsa ya yi sanyi hankalinsa ya gushe, waɗannan ba na fura ba ne, a nemi abin hawa.

Sauran azumi. Watan yana ja da baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yana zagayo bazara duk bayan shekara 33. Iyayenmu sun yi shi cikin Afrilu da Mayu a ƙarshen shekarun 1980, mu muka yi namu daga 2020 zuwa 2022, kuma kowa ya ga yadda masu dako da magina da ƴan kabu-kabu suka jigata. Wanda ya yi sahur da shayi kofi uku da burodi ba daidai yake da wanda ya sha fura da nono ya bi da ruwa ba, zuwa azahar ake ganin bambancin. Tsakanin buɗa baki da sahur a rarraba shan ruwan, kada a tara shi a zama ɗaya. Wanda jiri ke ɗiba a tsayuwar tarawihi ya zauna ya ƙarasa, marar lafiya kuma malamai sun daɗe da bayyana sauƙin da aka yi masa. Masu shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, su je a sake musu lokacin sha tun watan Sha'aban. Yanzu azumin yana gangarawa cikin sanyi, sai wajen 2053 zai sake faɗowa ƙarshen Afrilu.